Yadda Ake Koyar da Yara Girmama Iyaye da Yi Musu Biyayya a Makarantar Lahadi

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin yara a makarantar Lahadi ya san cewa babu ayar da take saurin zama a bakin yara kamar wadda ta ce su girmama mahaifinsu da mahaifiyarsu, kuma babu wadda take da wuyar sauka daga baki zuwa hali kamarta. Yaro yana iya kawo ayar da ka ba tare da tuntuɓe ba da safiyar Lahadi, a tafa masa har a ba shi alewa, sannan da rana mahaifiyarsa ta yi ta kiransa yana ji ya ƙi amsawa domin ƙwallo ta ɗauke masa hankali. Na daɗe ina koyar da yara a ikkilisiyarmu, kuma abin da na gano shi ne sau da yawa laifin yana wurinmu mu malamai, domin muna cusa wa yara tsoron bulala alhali abin da Littafi Mai Tsarki yake nema shi ne yaro ya ji nauyin iyayensa a zuciya. Tsarin da ke biye malami zai iya bin sa cikin Lahadi 3 ko 4, kuma iyaye za su iya amfani da shi a lokacin addu'ar iyali.

Mataki na farko: malami ya fara koyar da kansa

Tun ranar Litinin ko Talata malami ya zauna da Littafinsa ya karanta Fitowa 20:12, da Maimaitawar Shari'a 5:16, da Afisawa 6:1-4, da Kolosiyawa 3:20-21, ya karanta su a jere kuma a natse. Abu na farko da zai lura da shi shi ne wurin da Allah ya ajiye wannan doka a cikin Dokoki Goma. Dokokin da suka riga ta suna magana ne a kan Allah kansa, da sunansa, da ranarsa, kuma da zarar an juyo ga zaman mutum da mutum, iyaye aka fara ambata, tun kafin a zo kan kisankai da zina da sata. Wannan jeri yana nuna cewa gida shi ne makarantar farko inda mutum yake koyon sunkuyar da kai ga wanda ya fi shi.

Abu na biyu shi ne ma'anar kalmar. A Ibrananci, harshen da aka rubuta Tsohon Alkawari da shi, kalmar da aka fassara da girmamawa ta fito ne daga tushen da yake nufin nauyi. Mai jin Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin mu ma muna cewa wane yana jin nauyin wane, kuma mun san abin da muke nufi: ba zai ɗaga masa murya ba, ba zai yi abin kunya a gabansa ba, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Wannan shi ne ƙashin bayan darasin gaba ɗaya, kuma idan malami ya riƙe shi ba zai ɓace hanya ba.

Abu na uku shi ne bambanci tsakanin biyayya da girmamawa. Biyayya tana da lokacinta da iyakarta, domin magidanci mai shekara 40 ba ya neman izinin mahaifinsa kafin ya fita kasuwa, amma girmamawa ba ta ƙarewa muddin iyaye suna raye, har ma bayan ransu a yadda ake ambaton sunansu.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ya kamata malami ya sani domin kada aji ya rikice. Yara sukan zo da Littattafan gidajensu, wasu da tsohon juyi na 1932 da suka gada daga kakanni, wasu da na 1979. A tsohon juyi za a ga Kubawar Shari'a da Misalai da Matta da Yohanna, a sabon kuma Maimaitawar Shari'a da Karin Magana da Matiyu da Yahaya, saboda haka malami ya faɗi sunayen duka biyu. Haka kuma yawancin ikkilisiyoyi suna lasafta wannan doka a matsayin ta 5, amma Katolika da Lutaran suna lasafta ta ta 4, don haka idan yaro ya ce a gidansu ta 4 ce, kada a ce masa ya yi kuskure.

Mataki na biyu: a san waɗanda suke zaune a kan benci

Wannan mataki shi ne aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi yakan bar rauni. Kafin malami ya buɗe baki ya ce kowa ya faɗi abin da yake so game da babansa, ya tabbata ya san yaran da ba su da uba. A ikkilisiyoyi da yawa na Borno da Adamawa da Filato da kudancin Kaduna, rikice-rikice sun bar marayu masu yawa a azuzuwanmu, ga waɗanda ake riƙo a hannun kaka ko gwaggo ko kawu, ga waɗanda suke zaune da matar uba.

Na taɓa yin wannan kuskure da kaina. Na ce kowane yaro ya zana hoton babansa da mamarsa, sai na ga wata yarinya mai kimanin shekara 8 ta riƙe fensir ba ta zana komai ba, hawaye suna ɗiga a kan takardar. Ashe ba a yi wata 2 da binne mahaifinta ba, ni kuwa ban bincika ba. Tun daga ranar nake fara darasin da tambayar nan: wane ne yake ba ka abinci, yake biya maka kuɗin makaranta, yake tashi da dare idan ba ka da lafiya? Duk wanda yaro ya ambata, sai in ce masa wannan shi ne wanda Allah ya sa a matsayin uba ko uwa a gare ka, kuma a kansa za mu yi magana yau. Ta haka maraya ma yana da wanda zai zana.

Idan yara suna da yawa, a raba su gida 3: 'yan shekara 4 zuwa 6, da 'yan 7 zuwa 10, da 'yan 11 zuwa 14, domin abin da zai riƙe hankalin ƙarami zai gundure babba.

Mataki na uku: a fara da abin da yara suka riga suka sani

Kada a fara da wa'azi. Malami ya sa kujera a gaban aji, ya zauna a matsayin uba, ya kira yaro ɗaya ya nuna yadda yake gaida mahaifinsa da safe. Wani zai durƙusa ya ce, “Baba, ina kwana,” wata za ta rusuna ta ce, “Mama, kun tashi lafiya?” wani kuma zai tsaya ƙerere hannu a aljihu. Kada a kunyata na ƙarshen, sai dai a tambayi ajin wace gaisuwa ce za ta fi sanyaya zuciyar uba, su da kansu za su ba da amsa. Daga nan a bi da sauran ladubban da al'adarmu ta riga ta tanada: amsa kira da “na'am”, tarar babba a karɓi kayan da ke hannunsa a ce masa sannu da zuwa, miƙa abu da hannun dama, tashi a ba babba wurin zama, da rashin katse shi idan yana magana. Malami ya nuna wa yara cewa waɗannan abubuwa su ne tufafin da girmamawa take sawa a ƙasarmu. Sai dai ya gargaɗe su cewa ana iya durƙusawa har ƙasa alhali zuciya tana tsaye, kuma Allah zuciyar yake dubawa.

Mataki na huɗu: a ba da labari

Labarin da ya fi dacewa a fara da shi yana cikin Luka 2:41-52. Malami ya ba da shi da bakinsa, yana duban idon yara, maimakon ya sunkuyar da kai yana karantawa. Yesu yana da shekara 12 sa'ad da suka tafi Urushalima domin Idin Ƙetarewa, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Nazarat. A hanyar dawowa Yusufu da Maryamu suka yi tafiyar yini guda suna tsammani yana cikin ayari, da suka neme shi a wurin dangi ba su gan shi ba sai suka koma, kuma sai bayan kwana 3 suka same shi a Haikali a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana yi musu tambayoyi. A nan malami ya dakata ya tambayi yara yadda mamarsu za ta ji idan ta neme su kwana 3 ba ta gan su ba. Sannan ya kai su aya ta 51, inda aka ce ya koma Nazarat tare da su yana yi musu biyayya.

A daɗe a kan wannan aya, domin a nan ne manyan yara suke samun amsar abin da ke cin zuciyarsu. Yaron da ya shiga sakandare, wanda ya iya Turanci kuma shi ne yake nuna wa mahaifinsa yadda ake tura kuɗi ta waya, yakan fara ganin ya fi iyayensa sani. A nuna masa cewa Yesu ya san abin da Yusufu da Maryamu ba su sani ba, malaman Haikali ma sun yi mamakin fahimtarsa, duk da haka ya bi su gida. Luka 3:23 ya ce yana da kimanin shekara 30 sa'ad da ya fara hidimarsa, wato ya yi kusan shekara 18 a ƙaramin gari, har mutanen garin suka san shi da sunan masassaƙi. Ilimin da yaro ya samu ba ya sauke masa nauyin iyayensa, kuma ba a banza aka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

A Lahadi ta biyu a kawo misalin 'ya'ya biyu da ke Matiyu 21:28-31, inda uba ya aiki 'ya'yansa gonar inabi, ɗaya ya ce ba zai je ba amma daga baya ya tuba ya tafi, ɗayan ya amsa da ladabi amma bai je ba. Ko da yake Yesu ya ba da misalin ne a kan shugabannin addini na lokacinsa, yara suna gane kansu a cikinsa nan take, domin kowannensu ya taɓa cewa “to, Mama” sannan ya bar kwanukan a inda suke. Ga manyan yara kuma a ƙara da Yahaya 19:26-27, inda Yesu yana kan gicciye cikin azaba ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, da Markus 7:9-13, inda ya tsawata wa masu cewa dukiyarsu Korban ce, wato keɓaɓɓiya ga Allah, domin su guje wa taimakon iyayensu.

Mataki na biyar: hadda

A zaɓi aya ɗaya kawai. Ga ƙanana Kolosiyawa 3:20 ta isa, ga manya kuma Afisawa 6:1-3. A rubuta ta a allo, a karanta tare, a riƙa goge kalma ɗaya-ɗaya har allon ya zama fayau suna faɗinta da ka. Idan an sa mata karin waƙa da tafi, za su tafi da ita gida suna rerawa.

Mataki na shida: a gwada a aikace

Wasan kwaikwayo na minti 5 ya fi bayanin minti 30 shiga kan yaro. A ɗauko al'amuran da suke faruwa a gidajensu kullum. Yarinya ɗaya ta zama uwa ta ce, “Zo ki kai mini niƙa,” ɗayar kuma tana tsakiyar wasan gala-gala da ƙawayenta. A fara nuna yadda bai kamata ba, da tura baki da ƙunƙuni da buga ƙafa da tsaki, yara za su yi dariya domin sun san kansu. Sannan a sake wasan, wannan karon ta amsa, ta ɗauki roba ta tafi. A yi na yaron da aka aika sayen gishiri da magi ya rage canjin ya sayi alewa, da na wanda aka ce ya kashe waya ya kwanta amma ya shige da ita cikin bargo, da na wanda aka tura kiwon awaki ya bar su suka shiga gonar maƙwabci.

Bayan kowane wasa malami ya yi tambaya ɗaya: a wannan wasan, ya ji nauyin mahaifiyarsa ko bai ji ba? Ta haka yara suke gane cewa wanda ya yi aikin yana harara bai cika dokar ba, haka ma wanda yake ladabi a gaban ido ya canja a bayan ido. A kuma koya musu yadda ake roƙo da ladabi, domin biyayya ba ta hana yaro magana. Yana iya cewa, “Baba, don Allah ku bari in ƙarasa aikin makaranta sannan in je,” idan uban ya yarda shi ke nan, idan bai yarda ba sai ya ajiye littafin ya tafi.

Mataki na bakwai: a bayyana alkawarin da hankali

A Afisawa 6:2-3 manzo Bulus ya kira wannan doka ta fari mai alkawari, wato al'amura su yi wa mutum kyau, ya kuma yi tsawon rai a duniya. Malami ya yi hattara a nan ƙwarai. Kada ya ce wa yara duk wanda ya mutu da ƙuruciya rashin biyayya ne ya kashe shi, domin a cikin ajin akwai wanda zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke masa ƙane mai ladabi. An fara ba da alkawarin ne ga al'ummar Isra'ila game da zamansu a ƙasar da Allah zai ba su, kuma ma'anarsa a fili take: al'ummar da 'ya'yanta suke jin maganar iyaye takan daɗe, kuma yaron da yake jin gargaɗi yakan tsira daga haɗurra masu yawa. A ba su misalan da suka sani, kamar uwar da take hana wanka a kududdufi da damina, da uban da yake hana bin abokan da suke shan ƙwaya.

Mataki na takwas: tambayoyi masu wuya

Idan malami ya ba da dama, wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, idan Baba ya ce in gaya wa mai bin sa bashi cewa ba ya nan, alhali yana ɗaki, in yi ko kada in yi?” Kada a kauce wa wannan tambaya, domin yaran da ba a amsa musu ba sukan ɗauka cewa darasin bai san irin gidajen da suke ciki ba. Afisawa 6:1 ta ce a yi biyayya cikin Ubangiji, kuma a Ayyukan Manzanni 5:29 manzanni sun ce wajibi ne a bi Allah fiye da mutane. Saboda haka idan an umarci yaro ya yi ƙarya ko sata ko wani abin da Allah ya hana, ba zai yi ba, amma yadda zai ƙi yana da muhimmanci kamar ƙin kansa. Zai sassauta murya ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, ina jin tsoron yin ƙarya, ku aike ni wani abu dabam.” Ba zai tona asirin mahaifinsa a gaban baƙo ba, kuma ba zai fita unguwa yana ba da labari ba.

Misalin da nake kawowa a nan shi ne Jonatan, ɗan Sarki Saul. A 1 Sama'ila 19 Saul ya umarce shi ya kashe Dawuda, shi kuwa bai yi ba, sai ya je ya yi wa mahaifinsa magana mai taushi har ya sauko a wannan karon. Duk da haka bai rabu da mahaifinsa ba, kuma a sura ta 31 tare suka mutu a yaƙi a Dutsen Gilbowa. Wannan labari yana taimakon yaron da mahaifinsa mashayi ne, da wanda iyayensa ba sa bin bangaskiyar da yake bi, domin yana nuna musu cewa ana iya ƙin mugun umarni ba tare da an zubar da girman uba ba.

Akwai iyaka guda da dole malami ya faɗa a fili ba tare da kunya ba. Idan wani babba, ko dangi ne ko wanda yake riƙon yaro, yana dukansa har ya ji masa rauni, ko yana hana shi abinci, ko yana taɓa jikinsa ta hanyar da ba ta dace ba, yin shiru ba ya cikin girmamawa. A gaya wa yara cewa su faɗa wa malami ko matar fasto ko wani babba da suka amince da shi. Malamin da aka kawo wa irin wannan magana kada ya mayar da yaron gida da cewa ya yi haƙuri kawai, sai ya kai ta gaban fasto da dattawan ikkilisiya a ranar, idan ta kai a sanar da hukuma a sanar.

Mataki na tara: a zauna da iyaye

Darasin da aka koyar cikin minti 45 ranar Lahadi ba zai yi ƙarfin abin da yaro yake gani a gida kwana 7 ba. Don haka malami ya nemi fasto ya ba shi lokaci a taron zumuntar mata da na maza, ya karanta musu Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, inda aka gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi ko su karya musu zuciya. Ya yi maganar da ladabi, domin a cikinsu akwai waɗanda suka haife shi, amma ya faɗi gaskiya. Uwar da take zagin ɗanta da sunan ubansa tana koya masa raina uban. Uban da yake daka wa matarsa tsawa a gaban yara ba zai ga sun ji nauyinta ba. Magidancin da tsohuwarsa take ƙauye bai aika mata ko mudun masara ba tun bara, 'ya'yansa suna kallo kuma suna ajiyewa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gefe guda kuma a tuna musu da Eli firist, wanda 1 Sama'ila 3:13 ta ce ya san muguntar 'ya'yansa amma bai hana su ba, domin sakaci ma ɓata yaro yake yi.

A roƙi iyaye abubuwa kaɗan da za su iya yi: su ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya kuma su faɗi dalilinsa idan da hali, uwa da uba su zama baki ɗaya a gaban yara, su yaba idan yaro ya yi daidai, kuma kada su yi horo cikin zafin rai.

Mataki na goma: aikin gida da bibiya

A ƙarshen kowane darasi kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya da zai yi a makon ba tare da an sa shi ba, ko sharar tsakar gida, ko cika randa da ruwa, ko wanke wa kaka kayanta, ya faɗa a gaban aji, sannan a yi addu'a kowa ya ambaci sunan mai riƙonsa. Ranar Lahadi mai zuwa a fara da tambayar yadda aka yi. Wasu za su ce sun manta, wasu za su sunkuyar da kai domin sun yi rashin kunya a cikin makon. Waɗannan a koya musu kalmomin neman gafara, su maimaita har bakinsu ya saba: “Mama, na yi laifi, ku yafe mini.” A kuma tuna musu da ɗan nan na Luka 15 da ya bar gida ya ɓarnatar da dukiyarsa sannan ya tuba ya koma gida, wanda mahaifinsa ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi, domin su san cewa Allah yana karɓar mai tuba kuma shi ne yake ba da ikon yin biyayya.

Bayan mako 2 ko 3 malami ya ziyarci gidaje kaɗan da yamma, ya gaida iyaye, ya tambaye su a gaban yaron ko sun ga wani canji. Idan uwa ta ce kwanakin nan ba ta kiransa sau 2 kafin ya amsa, malami ya juya ya yaba wa yaron a nan take. Idan kuma ta fara jero laifuffukansa, ya saurare ta har ta gama, sannan ya roƙe ta ta faɗi abu ɗaya mai kyau da yaron ya yi a makon, ya rubuta shi a littafinsa, ya ambata shi a aji ranar Lahadi.